Izgar da Kawu Ya Ɗaura a Sanyuanli

Kawu ya cika da ƙarfe huɗu da minti ashirin da biyar na yammacin Laraba, a ɗakinsa da ke hawa na uku a masaukinmu na unguwar Sanyuanli, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Na duba agogo, shi ya sa na sani. Mu biyu ne a kansa: ni, ɗan ƙanwarsa, ina riƙe da hannunsa na dama, da Alhajin Kumasi, amininsa na kasuwa, yana maimaita masa kalmar shahada. Uwar masauki, 'yar ƙasar Sin, tana bakin ƙofa da flas ɗin ruwan zafi wanda ba wanda ya aike ta ta kawo. A kan matakala kuma, inda ba a ganin cikin ɗakin, wani Bature mai goge, maƙwabcinmu na sama, yana zaune ya cire hularsa. Jirgi ya taso daga filin jirgin Baiyun ya bi ta kan rufinmu, tagogi suka yi ta karkarwa. Kafin ƙarar ta wuce, Alhajin Kumasi ya sa tafinsa ya rufe masa ido. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhajin Kumasi bai yi kuka ba. Ya zauna a bakin gado ya cire tabarau, ya ce, "To, mutumin Kano, ka gudu ka bar ni da yara. Yanzu wa zan yi wa tsiya?" Sun fi shekara ashirin suna gardama a kan wa ya fi iya dafa wake da shinkafa, Kumasi ko Kano, kuma ba su gama ba.

Uwar masauki ta dire flas a ƙasa ta fashe da kuka mai ƙarfi, tana cewa "lawban, lawban," wato maigida, sunan da take kiransa da shi. Na yi mata alama da hannu ta yi shiru. Ba ta yi ba. Daga baya ta hauro da farin yadi sabo, ba tare da mun tambaye ta ba.

'Yan'uwanmu 'yan kasuwa suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya da jakunkunan samfur a kafaɗa. Mu goma sha ɗaya ne masu jin Hausa a gidan, har da Kawu. Wasu sun shiga sun durƙusa. Wasu sun tsaya a waje suna kallon takalmansu, kuma na san abin da ya tsayar da su. Ƙanen matar Kawu, wanda zan riƙa kira Suruki daga nan, ya shigo ya yi addu'a cikakkiya, bai rage komai ba. Da zai fita ya ja ni gefe ya ce, "Kofur, wa ya ba wancan izinin zama a matakala?" Na ce masa matakala ta mai gida ce.

Na je shagon waya na kira Kano. Babban ɗan Kawu ne ya ɗauka. Layin yana jinkiri, in ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Sau uku na faɗa, sau uku na ji kaina ina faɗa.

Washegari muka binne shi a makabartar Musulmin birnin. Bayan sati biyu na iso Kano da akwatinsa. Inna, matarsa, ta sa aka fitar da kowa daga ɗaki, ta ce, "Kai tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Ana cewa a kasuwar Kwari wai ya ajiye limanci ya koma goge cikin Turawa, wai a hannun makaɗa ya mutu. Haka ne?"

Na ce, "Ba haka ba ne, Inna."

Ta ce, "To yaya ne?"

Na kasa faɗa mata a tsaye, domin magana ce mai farko da tsakiya da ƙarshe. Ga shi 'ya'yansa sun fara nauyin fita kasuwa, kuma mutanen da suka ci tuwo kwano ɗaya da shi a can har yanzu yawancinsu ba su zo sun gaishe ta ba. Ni ba marubuci ba ne. Firamare na yi, sai soja, na fita da igiya biyu, Kawu ya ɗauke ni aikin lodi da rakiyar kaya. Amma na iya jera abu yadda ya faru. Na gaji da amsa wa mutane ɗaya-ɗaya, don haka ga shi a rubuce.

Kawu yana cikin mutanen Kano na farko da suka ƙetaro Guangzhou daga Hong Kong, lokacin da in baƙin mutum ya bi titi yara sukan biyo shi suna kallo. Wandon jins yake saye. A Xintang, garin da ake ɗinka shi, kowa da hannu yake gwada yadi. Kawu da kunne. Zai kama wando ta ƙafafu biyu, ya kai shi kusa da kunnensa, ya fizga sau ɗaya. In ya ji abin da yake so, shi ke nan. In bai ji ba sai ya miƙa wa mai shago ya ce, "Lawban, wannan na jikokinka ne, kawo na manya." Da Hausa yake faɗa, kuma su kawo. Zif ma haka yake yi masa, ya ja sama ya ja ƙasa idonsa a rufe. Na ɗauka dabarar tsofaffin 'yan Kwari ce.

Ni mutum ne mai son lokaci. Ina tsaye da takarda ina duba agogo, shi yana shan shayin mai shago kofi na huɗu. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Kofur, zauna. Ba fareti muke ba." Na ji wannan magana a shago, na ji ta a tasi, na ji ta a filin jirgi ana kiran fasinja.

Shi ne limaminmu. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ne babba, ɗakinsa ya fi faɗi, karatunsa kuma ya fi na kowa daɗi. Mukan jingine gadonsa da bango mu yi sahu biyu. Ran Juma'a mu cika tasi uku zuwa tsohon masallacin birnin.

Turawan sun zo a farkon shekara, mata da miji. Mijin mutumin ƙasar Ayalan ne, dogo, mai jan gemu, yana kaɗa goge irin nasu mai tsirkiya huɗu wanda ake ɗorawa a ƙarƙashin haɓa. Matar daga wani yankin bakin teku take a Faransa, gajera, tana kaɗa wani akwati mai zugazugi da maɓallai, a ja a matse. Wani otal a cikin gari ne ya ɗauke su su riƙa yi wa baƙi kiɗa lokacin cin abinci. Kwana a otal ɗin ya fi ƙarfinsu, sai suka kama ɗakin da ke saman na Kawu. Kiɗan rawa ne na ƙauyukansu, yawanci ba waƙa. Gaɓa ta farko su yi ta sau biyu, su shiga ta biyu su yi ta sau biyu, su koma farko, da sauri, ƙafar mijin tana dukan daɓe. Daɓen nan kuwa shi ne rufin ɗakin sallarmu.

Kwana uku na yi haƙuri. A na huɗu na rubuta lokutan salla biyar a takarda, na hau na buga ƙofa na miƙa musu, na ce ba kiɗa a waɗannan lokutan. Na shirya wa gardama. Matar ta karanta, ta tambaye ni ko lokutan suna canzawa. Na ce suna canzawa. Ta ce to in riƙa kawo sabuwa. Duk Asabar nake kai musu, kuma ko sau ɗaya ba su saɓa ba. Wannan na shaide su da shi. Suka mayar da gwajinsu kan rufin gidan, wurin shanya, tsakanin azahar da la'asar.

A lokacin nan ne Kawu ya fara hawa da shanyarsa da kansa, mutumin da ban taɓa ganin ya wanke ko hankici ba. Wata rana na dawo da wuri na same shi a bayan wani zanen gado da aka shanya, yana zaune a kan kifaffen bokiti, carbi a hannun hagu, yatsunsa suna tafiya a kansa ba irin tafiyar zikiri ba.

Na ce, "Kawu, me kake yi a nan?"

Ya ce, "Ina jiran shanya ta bushe."

Na ce, "A garin nan kwana biyu shanya take yi."

Ya ce, "To ka ga ina da sauran zama."

Da muka sauko ya ce min, "Manoma ne suka yi kiɗan nan, Kofur. Ka saurara. Na mutanen da suka yini a gona ne, suna so su manta da ƙafafunsu." Na ce ni hayaniya kawai nake ji.

Damina ta shigo, irin ta garin nan da bango yake gumi, takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Wasu ƙwari suka shiga akwatin Baturen suka cinye izgar bakan gogensa, wato gashin wutsiyar doki da ake goga wa tsirkiya. Ya sauko yana nuna wa uwar masauki bakan, gashi yana reto kamar tsohuwar tsintsiya. Ta ce "meyo," babu. Shagon da ya sani sun ce sai bayan kwana goma, baka ɗaya gare shi, kuma ran Asabar yana da aiki. Kawu yana wucewa da butar alwala. Ya tsaya, ya ajiye buta, ya karɓi bakan, ya bi shi da babban yatsa, ya shinshina. Ya ce masa da Turanci ya bari sai gobe.

Washegari ya ce in raka shi. Na ɗauka sito za mu je. Tasi ta sauke mu a wani lungu inda ake ƙera gogen mutanen Sin mai tsirkiya biyu. Mai shago ya fito da damin izga. Kawu ya zari gashi ɗaya ya ja shi tsakanin farce biyu, ya mayar. Aka kawo na biyu ya mayar. Ya ce min, "Na goɗiya ne waɗannan, fitsari ya ci su. Na ingarma nake so." Ya kwatanta wa mutumin da hannu har ya gane ya yi dariya, ya shiga ciki ya fito da na uku.

Na ce, "Kawu, ina ka san wannan?"

Ya ce, "Riƙe min jaka."

A kan rufin ya yi aikin, ina tsaye, Turawan suna tsugune a gabansa. Da farko ya wanke izgar da ruwan ɗumi. Sannan ya taje ta da matajin gemunsa har ta kwanta. Sannan ya bi ta ɗaya-ɗaya yana cire duk gashin da ya karkace ko yake da ƙulli. Ya ɗaure kan da zare, ya ƙona bakin da ashana, ya dangwala shi a ƙaro, ya sa haƙori ya ja zaren. Hannun nan da yake rawa in ya ɗauki kofin shayi, ran nan ko motsi bai yi ba.

Sai dai ya yi kuskure ɗaya. Ya haɗa izgar dunƙule, kamar igiya, ya ɗaure ta tamau yadda ake yi wa gogenmu. Bakan Turawa kuwa a shimfiɗe yake son ta, fale-fale kamar ganyen kaba. Baturen ya shafa ƙaro, ya ɗora a tsirkiya ya ja, sai ga ƙara kamar an buɗe ƙofar langalanga mai tsatsa. Matar ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Kawu ma ya yi dariya har da tari, ya ce, "Gogenku ne shagwaɓaɓɓe. Namu ba ya zaɓen abinci." Suka kwance suka sake, Baturen yana nuna masa ɗan guntun katakon da yake baje gashin, Kawu yana ɗauri. Karo na biyu ya yi daidai.

Baturen ya gwada gaɓa biyu, ya tsaya, ya miƙa wa Kawu gogen da bakan. Kawu ya girgiza kai. Ya sake miƙawa, ya sake girgiza kai. A na uku ya karɓa. Bai sa shi a haɓa ba. Ya zauna a kan bokitin, ya kwantar da shi a cinya, ya rabu da tsirkiya uku ya kama ɗaya. Abin da ya kaɗa a hankali yake tafiya, yana hawa yana saukowa kamar mai magana. Matar ta ɗauki akwatinta ta riƙe masa sauti ɗaya a ƙasa-ƙasa. Minti huɗu ya yi. Na duba agogo domin la'asar ta riga ta shiga, kuma liman bai taɓa makara ba. Waɗannan minti huɗun su ne duk gogen da Kawu ya yi a ƙasar Sin.

Suruki ne ya hauro kiran liman. Ya tsaya a bakin matakala ya gani da idonsa.

Bayan salla Kawu ya ce kada kowa ya tashi. Ya ce, "Ubana mai goge ne. Kakanka ke nan, Kofur."

Mu an gaya mana kakanmu baduku ne. Mahaifiyata tun tana ƙarama aka kawo ta riƙo Kano, ba ta taɓa cewa komai ba. Na faɗi haka. Ya ce, "Baduku ne mana, shi yake ɗaura fatar guza a ƙwaryar gogensa. Rabin gaskiya muka ba ku." Ya ce tun yana ɗan shekara bakwai yake ɗaukar masa jaka, kasuwa-kasuwa, gidan biki, har wurin 'yan bori, kuma shi yake taje masa izga. Yana shekara goma sha biyar wani malami ya kore shi daga bakin tabarmar karatu, sai ya gudo Kano ya ce shi ɗan baduku ne. Da uban ya rasu bai je jana'iza ba. Ya ce, "Shekara hamsin ban taɓa goge ba. Jiya na ga mutum da bakansa a hannu yana neman taimako, hannuna ya riga ni."

Suruki ya ce, "Wato shekara nawa ke nan muna bin ɗan goge salla? Kuma da wace fuska aka zo gidanmu neman yayata?"

Alhajin Kumasi ya ce, "Kai yaro, Fatiharsa ta canza ne daga jiya zuwa yau? Jikokinsa nawa daga yayar taka?"

Suruki ya ce, "Alhaji, ku a zango kuna da naku tsarin. Mu muna da namu."

Ni ma na yi magana, kuma tunda na ce zan jera komai, ba zan tsallake tawa ba. Na ce, "Kawu, da ka bar mu da baduku. Ka zubar mana da mutunci a gaban Bature." Ya dube ni. Bai ce in zauna ba. Ya ce, "Na ji, Kofur."

Daga magaribar ranar salla ta rabu biyu. Mutum huɗu suka bi Suruki ɗakinsa, sauran muka tsaya bayan Kawu. Bango ɗaya ne tsakani, kuma ba kauri. Muna ruku'u muna jin amin ɗinsu. Uwar masauki ta tambaye ni da hannu ko an yi faɗa ne, na ce meyo. A tasi aka daina haɗa zama. Wanda ya samo goro ya daina zagayawa da shi. Kwana tara aka yi haka.

A na goma, da aka kira magariba, Kawu ya naɗe dardumarsa ya sa a hammata, ya fita, ya shiga ɗakin Suruki, ya tsaya a sahun baya kusa da takalma. Muka bi shi, don ba mu san abin da za mu yi ba. Bayan an sallame Alhajin Kumasi ya tare shi a ƙofa ya ce, "Mutumin Kano, hankalinka ɗaya kuwa? Yaron da ka koya wa ɗaurin dila za ka bi?" Kawu ya ce, "Mun zo ƙarshen duniya mu goma sha ɗaya. Ba za a yi masallaci biyu a kaina ba."

A sahun bayan nan ya yi sauran sallolinsa, wata huɗu, a tsaye, daga baya a zaune. In Suruki ya sarƙe a karatu, daga can baya muryar gyara take fitowa, a hankali yadda ba za ta kunyata shi ba. To, wannan shi ne ajiye limancin da ake faɗa a Kwari.

Bai sake hawa rufin ba. Yakan zauna a matakala ne, taki huɗu daga sama, inda sauti yake saukowa. Baturen ya tambaye ni me ya hana abokinsa zuwa. Na ce aiki ya yi masa yawa. Ya kalle ni, ya kalli ƙofar Suruki, bai sake tambaya ba. In zai wuce sai ya tsaya su gaisa, Kawu ya ɓara masa goro, ya tauna yana yamutsa fuska yana cewa na gode da Hausa.

Ashe matar ta riƙe abin da Kawu ya kaɗa a kanta. Wata rana sai muka ji shi daga sama, su biyu, da sauri irin nasu, ƙafa tana dukan ƙasa. Kawu ya kira ni. Na ɗauka zai ce su daina. Ya ce, "Hau ka ce musu sun yi gudu. Ba na rawa ba ne. Wanda Baba yake yi ne in taro ya watse, mutane suna neman takalmansu." Ban so ba, amma umarni ne, na hau na isar kamar yadda aka ba ni. Suka sake shi a hankali. Da na sauko ya juya fuskarsa wajen bango, sai na wuce ɗakina.

Ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya a hawan bene. Likita ya ce zuciya ce, ya ba da magani, ya ce ya koma gida ya huta. Mun sama masa jirgin Lahadi. Ya rasu Laraba, saura kwana huɗu.

Da safen jana'iza Turawan suka same ni a ƙofa. Mijin ya ce a garinsu in aboki ya mutu ana raka shi da kiɗa guda mai sanyi a bakin kabari, suna neman izini. Na ce a'a. Ya ce guda ɗaya tak, daga nesa. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai. Suka biyo mu a tasu tasin hannu wofi, suka tsaya a wajen ƙofar makabarta cikin yayyafi har muka fito. Kwana ukun zaman makoki ba a ji ko motsin kiɗa daga sama ba, otal ɗin ma ba su je ba. Mijin yakan cire takalmi ya zauna a gefen tabarma, in mun ɗaga hannu ya ɗaga, in mun shafa ya shafa. Matar ta ɗaura ɗankwali tana taya uwar masauki dafa wa masu gaisuwa shinkafa. Sun yi zaman fiye da wasu daga cikinmu.

Ban yi nadamar hana kiɗa a makabarta ba. Ko yau aka tambaye ni zan hana. Abin da yake hana ni sukuni ita ce maganar da na yi masa a gaban mutane. Wata huɗu ina kai masa ruwan alwala, ina ɗaure masa takalmi, kullum ina cewa gobe zan janye ta. Ban janye ba.

Na karanta wa Inna wannan takarda kafin in ba kowa. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Na daɗe da sani. Yana barci yatsunsa suna kiɗa a bayana. Shekara arba'in ina jira ya faɗa min da bakinsa, sai ya je ya faɗa wa Bature." Ta ce ba asalinsa ne yake damunta ba. Abin da yake damunta shi ne a ce ya bar salla, kuma waɗanda suka san ƙarya ce su yi shiru.

Mutum bakwai daga cikin waɗanda suke gidan nan suna Kano yanzu. Biyu ne kawai suka zo. Sadakar arba'in Lahadi mai zuwa ce, bayan sallar walaha, a ƙofar gidansa.

Saboda haka, kai mai karatu, ga abin da nake roƙo. In kana cikin waɗanda suka zauna a masaukin nan, ko ɗakin wa ka bi a kwana taran, ka zo ran Lahadi, ka tsaya a gaban 'ya'yansa ka faɗi da bakinka a wane sahu ka bar shi. Suruki, har da kai; an ajiye maka wuri a tabarma. In kuwa ba ka can, kuma ka ji ana maganar a kasuwa, kada ka yi gardama da kowa, ka miƙa masa wannan takarda ya karanta daga farko. Sannan in ka ɗaga hannu kana nema wa Kawu gafara da hasken kabari a ƙasar da ba tasa ba, ka haɗa da mahaifinsa, mai goge, kakana. Shekara hamsin ba wanda ya ambace shi a fili a gidanmu. Ka ambace shi da sana'arsa.